Shekara Goma a Ƙarƙashin Rini

Ranar da labarin ya iske Inna, tana gaban keken ɗinki tana warware kalmasar wani siket da ta yi a karkace. Wayar maigidanta ce ta yi ƙara a kan kabad. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, amma ba ta bar wayar ta mutu ba, kullum sai ta sa ta a caji. Ta ajiye reza ta ɗauka.

"Salamu alaikum, daga asibitin unguwa ne. Maigidan yana kusa?"

Muryar mace ce, sai fara'a kamar mai rabon kyauta. Inna ta dubi hotonsa da ke jikin bango.

"Ba ya kusa."

"To Mama, ki yi masa albishir. A kwamfutarmu makon jiya ya cika sittin da biyar. Bana ya shiga sahun manya. In ya zo allurar mura kada ya bi dogon layi, ya wuce bencin tsofaffi, babbar za a yi masa."

"Babbar me?"

"Babbar allura mana. Mai ƙarfin."

"Da ma iri biyu ce?"

"Iri biyu ce, Mama. Jikin tsoho ba ya amsa ƙaramar yadda na yaro yake amsawa, shi ya sa ake ƙara wa tasu ƙarfi. Sunansa na gani yana cikin masu zuwa duk shekara, Allah ya yi masa albarka. Ki ce masa mun taya shi murna."

"Zan faɗa masa," in ji Inna.

Ta kashe wayar ta mayar kan kabad. Ta koma ta zauna, ta ɗauki rezar, ta rasa me za ta yi da ita. Mutumin da ake taya murnar cika sittin da biyar, da yana raye, saba'in da biyar zai cika. Ba wanda ya fi ta sani, don ita ce take shafa masa baƙin rini a gemu.

Abin ya samo asali ne shekara talatin baya. Lokacin yana da arba'in da biyar, ba aiki, ga mata ga 'ya budurwa. Sai wata masana'antar katifa ta ce tana neman direban da zai riƙa ɗauko ma'aikata da safe ya mayar da su da yamma, amma kada ya wuce shekara talatin da biyar. Ya fita da hantsi yana ɗan arba'in da biyar, ya dawo da la'asar yana ɗan talatin da biyar, da takardar rantsuwa a aljihu har da hatimi. Ya shimfiɗa mata ita a kan gado.

"Kin ga mijinki ya koma saurayi."

"Shekara goman fa, ina ka kai su?"

"Ajiya na ba da. In na yi ritaya na karɓo abina."

Da aka ɗauke shi, aka ba shi fom ɗin asibiti na iyali. Nan lissafi ya cije. Shekara bakwai ya ba ta a duniya, to ga shi yanzu a takarda ita ta girme shi da uku. Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a rubuta matarsa ta girme shi ba. Ya ɗauki biro ya zaftare mata goma ita ma. Ita ba ta yi nisa a karatu ba, tana dai iya haɗa baƙi in an ba ta lokaci. Ta dangwala yatsa inda ya nuna.

Daga nan suka ɗauki aikin da ba hutu. Furfura ba ta san takarda ba. Tata ɗankwali ya rufa mata asiri, tasa kuwa a fili take fitowa, a gemu da saje, inda manaja zai gani. Kowace safiya kafin ya fita, sai ya jawo 'yar kujerar katako bakin taga inda haske yake faɗowa, ya zauna, ya ɗaga haɓa, yana riƙe da wani madubin gefen mota da ya tsage aka yar, shi kuma ya tsinto.

"Ya fito?"

Sai ta sunkuya ta duba tushen gashin, ko fari ya ɓullo. In ta ce bai fito ba, ya tashi yana fito da baki. In ta ce ya fito, ta kwaɓa rini a murfin kwalba, ta dangwalo da tsohon buroshin haƙori ta bi gemun layi-layi, shi kuwa ya yi tsit kamar yaron da ake yi wa aski.

A wurin aiki suka sa masa suna Sabon-Jini. Sunan ya bi shi har unguwa. Ya ga manajoji biyar sun zo sun tafi, ya kai ƙannen bayansa gida ranar ritayarsu yana yi musu nasiha a kan su riƙa motsa jiki. Da takarda ta ce ya cika sittin aka sallame shi da agogon bango da shaidar yabo, yana ɗan saba'in. Inna ta ɗauka an gama. Ta ce ya je ya karɓo ajiyarsa.

"Yanzu? In wayi gari da farin gemu mutane su ce me? Su ce shekara ashirin da biyar ina yi musu ƙarya?"

"To da me kake yi musu?"

"Ke dai kawo buroshin."

Ranar ce ya sa ta yi masa alkawari. Ya kama hannunta, abin da ba ya yi da rana tsaka, ya ce maganar nan daga shi sai ita, ko bayan ransa. Ko 'yarsu kada ta ji. Ta ce ta yi alkawari. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, Inna ta ɗauka tasu ma haka za ta ƙare, ta yi furenta ta kaɗe.

Wani abin kuma, a duk unguwar ba wanda ya kai Sabon-Jini yarda da allurar mura. Tun yana aiki ya saba, don duk farkon sanyi kamfani yakan kawo nas a yi wa kowa, kuma ya ga shekarar da aka fasa yadda motarsa ta koma rabi ba mutane. Da ya bar aiki ya ci gaba da kansa. Shi ne na farko a ƙofar asibiti. Shi ne mai bin maƙwabta yana cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Inna kuwa, wadda allurar ɗinki ta huda yatsunta sau dubu, in ta ga ta asibiti sai ta nemi hanyar gudu. Jan ta yake yi kamar akuyar da za a kai kasuwa.

In sun dawo, damtsenta ya kumbura, ta kwana biyu jiki ba daɗi, ko keke ba ta iya juyawa. Shi ko gezau. Sai ya naɗe hannun riga ya kawo mata har gado.

"Nemo min wurin. Nemo mana. Kin gani? Ƙarfe ne. Ke kuwa jikinki kamar burodin da ya sha ruwa."

"Allah ya ba ka haƙuri, ƙarfe."

Bara, da sanyi ya fara shigowa, suka je kamar kullum. A shekarar ne suka tarar an raba wurin biyu. Dogon layi a tsaye ta hagu, ta dama kuma benci biyu a ƙarƙashin fanka, da ƙofa daban, an liƙa takarda a jikinta. Tsofaffi ne zaune a kai, wani da sanda, wata da jika ta riƙe mata jaka. Su biyun duk suka ɗauka tausayi ne kawai, don kada tsoho ya daɗe a tsaye.

A kan bencin akwai Mai-Faci, wanda yake liƙa tayoyin motar kamfani tun da can. Sabon-Jini ya ba shi shekara biyar cur, Inna ta sani. Mai-Faci ya ɗaga hannu.

"Sabon-Jini! Zo ga wuri, matso kusa da ni."

"Wa? Ni? Zauna abinka, kaka. Mu yara bari mu tsaya."

"Yaro da gwiwa tana ƙara kamar ƙofar shago?"

"Takalmi ne, sabo ne."

Aka yi dariya har da masu sanda. Suka yi awa guda a tsaye, yana jingina da bango in ya ga ba mai kallo.

Da layi ya zo kansu, nas ɗin da ke kan tebur, wata doguwa mai tabarau, ta karɓi katinsa, ta dube shi, ta sake duban katin.

"Baba, shekarunka nawa?"

"Wane ne Baba? Ba ga shi nan a rubuce ba?"

"Sittin da huɗu na gani."

"To karatun ne bai ishe ki ba?"

Nas ba ta yi fushi ba. Ta kalli bayan hannunsa, ta kalli wuyansa, wuraren da buroshi ba ya zuwa. Sai ta juyo wajen Inna.

"Mama, haka ne? In ya kai sittin da biyar can ya kamata ya je."

Inna ta ji idonsa a gefen fuskarta. Ta ce, "Takarda ai ba ta ƙarya, 'yata."

"Shi ke nan. Saura shekara ɗaya ka koma benci, Baba."

"Sai dai ki riga ni."

Aka yi masa, aka yi mata. A hanya yana ta yaba mata. Ya ce amsar da ta bayar ko lauya sai haka. Har lemo ya saya mata.

Wata huɗu bayan nan, sanyi ya kusa fita, murar ta shigo unguwa. Ta kama Inna ta kwana uku ta sake ta. Ta kama Mai-Faci ya yi mako yana tari ya miƙe. Da ta zo kan Sabon-Jini sai ya ce ba ita ba ce, ai ya yi allura, ƙura ce ta shaƙe shi. Kwana uku yana gardama da zazzaɓi. A na huɗu numfashi ya fara yi masa wuya, 'yarsu, wadda kowa yake kira Malama don tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ta zo ta sa shi a mota ba tare da ta nemi izininsa ba.

A babban asibiti aka ce murar ta sauka a huhu. Aka sa masa robar iska a hanci. Wani likita matashi ya duba fayil ya ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, mutum mai sittin da huɗu da bai taɓa kwanciya ba, da yardar Allah zai juyo. Ta buɗe baki ta rufe.

Kwana tara ya yi. Ba kujera, ba taga, ba buroshi. Furfurar ta samu sarari ta fito gaba ɗaya, fari fat daga tushe, baƙi a baki, kamar an tsoma gemun a tawada an fasa. Ranar ta tara da hantsi ya buɗe ido, ya yafito ta. Ta kai kunne.

"Ya fito?"

Ta duba kamar yadda ta saba, har da ɗaga masa haɓa.

"Bai fito ba."

Ya lumshe ido. Bayan azahar ya cika.

Duk wannan Inna ta ɗauke shi a matsayin kwana ya ƙare, kuma ta haƙura gwargwadon yadda ake haƙura. Sai ga wannan waya. Tun daga ranar, in ta zauna kan keke, ƙafarta tana taka feda bakinta yana maimaita magana ɗaya: takarda ai ba ta ƙarya. Ta ɗinke aljihun wandon wani ta rufe shi ruf. Ta sa wa rigar makaranta hannu biyu na hagu.

Kwana biyar bayan nan aka sake kira, wannan karon a wayarta. Muryar nan ce dai mai fara'a. Za a fara allura ranar Litinin, ta zo da katinta, layin hagu.

Layin hagu. Shekararta sittin da takwas, katinta yana cewa hamsin da takwas. In ta bi katin, sai ta kai saba'in da biyar kafin a ce ta isa benci, in ta kai. In kuma ta faɗi gaskiya, ba tata kaɗai za ta faɗa ba. Shekarunta da nasa a ƙulle suke wuri ɗaya kamar zare a cikin kwarkwaro, ka ja ɗaya ɗayan ya biyo. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga haɓa a bakin taga, a ce ita ce za ta wanke masa gemu a gaban mutane, yana kwance ba ya iya cewa takalmi ne.

Ta yanke shawarar ba za ta je ba gaba ɗaya. Da ma ba son allurar take yi ba.

Ranar Litinin da safe sai ga Malama da mota.

"Inna, ɗauko mayafi. Baba ba ya nan, ni na gaji jan ki."

"Ba ni da lafiya."

"To ai asibiti za mu."

Inna ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga ta fito, ta ce ba ta ga katin ba. Malama ta zaro shi daga ƙarƙashin ƙyallen da ke kan keke. Sai Inna ta zauna a bakin gado ta ce ta rufe ƙofa.

Ta daɗe tana murza gefen zani. Ta fara da cewa Allah ya sani ta yi alkawari. Ta ce ubanta mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, motarsa ba ta taɓa taka ko kaza ba. Ta ce talauci ne. Daga ƙarshe ta runtse ido ta faɗa, kamar mai cire ƙaya: shekarunsa ba haka suke ba, nata ma ba haka suke ba.

Ta buɗe ido. Malama tana kallonta, fuskarta ba ta canja ba.

"Shi ne maganar?"

"Ba ki ji ni ba ne?"

"Inna, lissafi nake koyarwa. Shekarata arba'in da takwas. In katinki gaskiya ne, kina 'yar shekara goma kika haife ni."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina sha tara. Na je asibitin kamfani da ciwon haƙori, mai ba da kati ya ce, ke ce ƙanwar direba? Na ce wane direba? Ya juyo min fayil. Baba ya rasa inda zai sa ni a lissafinsa, sai ya rubuta ni ƙanwarsa. Shekara talatin ke nan ina dangin mijinki, Inna, ko sau ɗaya ba ki yi min girkin baƙi ba."

Dariya ta ƙwace wa Inna, ta fito tare da kuka, ta rasa wanne za ta tare.

"Kuma ba ki taɓa faɗa ba."

"In faɗa wa wa? Mai-Faci ya sani. Matar mai shago ta sani, ita take sayar miki da rinin. Su direbobin nan da suka sa masa Sabon-Jini, kin ɗauka yabo ne?"

Inna ta share hawaye da gefen zani. Sirrin da ta goya shekara talatin, ashe duk unguwa an san fuskarsa, ana dai gaishe shi a wuce. Wuri ɗaya tak aka yarda da ƙaryar da zuciya ɗaya, shi ne wurin da bai kamata a yarda ba.

Sannan ta ba ta labarin wayar, da benci, da abin da ta ce wa nas. Wannan kam Malama ba ta sani ba. Ta zauna kusa da uwarta. 

"Tashi mu je. Ubana ya tafi da goma, ba zan bari ki bi shi da wasu goman ba."

A asibiti komai yana nan yadda yake bara. Dogon layi, benci biyu, fanka. Mai-Faci yana zaune a wurinsa, ya ƙara ƙiba ma. Inna ta tsaya a tsakiya, ƙafa ɗaya tana son hagu. Ta nufi dama ta zauna a ƙarshen benci tana kallon ƙasa. Mai-Faci ya matsa mata.

"Sannu da zuwa, uwargida. Mun daɗe muna ajiye muku wuri."

Ta jira har aka kira ta ciki.

Nas mai tabarau ce dai a ciki. Ta karɓi katin, ta danna kwamfuta.

"Mama, kin yi ɓatan layi. Hamsin da takwas ne a nan."

"Sittin da takwas ne."

"Takarda ta ce..."

"Takarda ƙarya take yi, 'yata."

Nas ta sauke tabarau ta dube ta sosai. Ko ta tuna ko ba ta tuna ba, Inna ba ta sani ba, mutum nawa suke wucewa ta gaban teburin nan.

"Kina da wata shaida?"

Malama ta miƙa nata katin. "Ni ce shaida. 'Yarta ce ni, ga shekaruna."

Nas ta sake dannawa. "A nan an rubuta ƙanwar miji."

"Shi ma ƙarya ne."

"To ku gidan naku akwai abin da yake gaskiya?"

Inna ta waiga ta ga ƙofa a rufe take, mata ne kawai a ɗakin. Ta zame mayafi, ta kwance ɗankwali. Kan fari fat kamar audugar katifa, ba baƙi ko ɗaya. Ta tsaya haka, ita da ko a gaban 'yarta ba ta cika zama ba ɗankwali ba.

Nas ta ce, "Mayar, Mama. Bari in kira likita."

Likitar mace ce mai ɗan shekaru, ita ma da furfura a goshi ba ta ɓoye ba. Ta saurari labarin daga farko ba ta katse ba. Ta dubi uwa ta dubi 'ya, wushirya iri ɗaya, hanci iri ɗaya. Ta ce ita jiki take yi wa magani, gyaran takarda kuma akwai ofishinsa, Malama ta bi ta gyara. Ta ce a ɗauko babbar.

Inna ta ce, "Likita, ina da tambaya. Me ya sa ƙaramar ba ta kama shi ba? Bai taɓa fashi ba. Shi yake jan mutane."

Likita ta jawo kujera. Ta ce ba wai ba ta kama shi sam ba ne. Allura ba ita take yaƙi da mura ba, koya wa jiki take yi ya gane ta, ya tanadi abin da zai tare ta da shi. Jikin yaro da an nuna masa sau ɗaya ya haddace, ya tanada da yawa. In shekaru suka ja, garkuwar jiki takan yi nauyin koyo, abin da za ta tanada kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa, kafin sanyi ya fita ya fara raguwa. Shi ya sa ake ƙara wa ta tsofaffi ƙarfi.

Inna ta gyaɗa kai a hankali. Wannan karatun ta riga ta yi shi, a bakin taga. Shekarun farko shafa ɗaya take yi wa gemun ya yi mako biyu baƙi wuluk. Shekarun ƙarshe sai ta kwaɓa da kauri, ta shafa ta sake shafawa, gashin yana ƙin sha, bayan kwana uku ya koma ja-ja. Ita da hannunta ta riƙa ninka masa rini saboda tsufa. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa abin da yake faruwa a gemu yana faruwa a jini ba.

"Damtsensa ba ya ko kumbura," ta ce. "Yana cewa ƙarfe ne."

"Kumburi ba shi ne ma'auni ba, Mama. Wani ya kumbura, wani bai kumbura ba, duk ta yi musu aiki."

"To da an yi masa babbar, da yana nan?"

Ta zo ne da shirin ɗaukar kowace amsa. In an ce e, ta san abin da za ta roƙi gafara a kansa har ta mutu. In an ce a'a, ta sauke kayan a nan ta tafi gida.

Likita ta ce, "Ban sani ba."

"Ke fa likita ce."

"Shi ya sa ba zan yi miki ƙarya ba. Babbar tana ƙara kariya, ba ta ba da tabbas. Akwai wanda aka yi wa ita kuma murar ta kayar da shi. Akwai wanda ƙaramar ta ishe shi. Da ya zauna a benci, da ya fi samun dama. Iyakar abin da na sani ke nan."

Inna ta ga dai, ita da ta fito daga gidan da aka shekara talatin ana ƙarya, yau da take neman a yi mata guda ɗaya ƙarama, ta faɗo hannun mai gaskiya.

Ta naɗe hannun riga da kanta. Ta juya fuska bango, ta damƙe hannun Malama har sai da ta ce wash. Kafin ta gama salati an gama.

Da yamma damtsen ya kumbura, ya yi zafi. Ta tuna an ce ba shi ne ma'auni ba. Duk da haka ta je gaban hoton ta naɗe hannun riga ta nuna masa.

Malama ta yi wata biyu tana zirga-zirga a ofisoshi kafin a mayar wa uwarta shekarunta goma, ita kuma a mayar da ita 'ya. Nasa ba a taɓa ba. An ce wanda ya rasu ba a gyara masa fayil, sai dai a rufe. Har yanzu a takarda yana nan da sittin da huɗu, ya ci gardamarsa. Inna ta daina sa wayarsa a caji, kada baɗi a sake kira a taya shi murna.

Murfin kwalbar ta yar. Buroshin yana nan a kofi kusa da nata, bakinsa baƙi. Kowace safiya, kafin ta buɗe keke, takan jawo 'yar kujerar katakon bakin taga inda haske yake faɗowa. Ta zauna, ta kwance ɗankwali, ta ɗauki madubin motar nan mai tsaga ta duba kanta, gaba da gefe. Sai ta ɗaga ido wajen hoton.

"Ya fito," take ce masa.

Ta ɗaura ɗankwalinta, ta mayar da kujerar wurinta.